Tambayoyin Masu Karatu: Gubar da Ba Ta Ruɓewa da 'Ya'yan Shaho a Sheƙa

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu daga jihar Sakkwato. Masu su ba su san juna ba, amma amsoshinsu sun haɗu a kan magana ɗaya, wato halin da 'ya'yan tsuntsaye masu farauta ke shiga tun ba su bar sheƙa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni manomi ne a fadamar Wurno, ina noman shinkafa da damina, albasa da rani, kuma shekaruna sun haura sittin. A bakin gonata akwai wata doguwar giginya da shaho mace da namiji suka daɗe suna zama a kanta, kuma kowace shekara nakan ga 'ya'yansu biyu ko uku suna koyon tashi kafin ruwa ya sauka. Shekara uku ke nan ban ga ko ɗaya ya tashi ba. Bara na tsinci fasasshen ƙwai a gindin giginyar, bana kuwa ɗaya ya ƙyanƙyashe, amma ya faɗo ƙasa ba ya iya riƙe wuyansa, bayan kwana biyu ya mutu. Ɗana da ke karatu a jami'a ya ce maganin feshi ne. Ni ban taɓa fesa wa tsuntsu magani ba, kuma iyayen suna nan lafiya ƙalau, har jiya sun ɗauke mini ɗan tsako. Yaya maganin da aka zuba wa albasa zai hau giginya ya kashe ɗa ya bar uwa?
Daga wani dattijo a Wurno.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarku ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar, domin kashe ɗa a bar uwa shi ne ainihin aikin irin gubar da ɗanku yake nufi, kuma shi ya sa ake daɗewa ba a gane ɓarnarta ba.

Magungunan ƙwari ba hali ɗaya gare su ba. Akwai masu zafi irin fiya-fiya, waɗanda ke kashewa nan take, amma rana da ruwa da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna narkar da su cikin kwanaki ko makonni. Akwai kuma waɗanda ba sa ruɓewa sai bayan shekaru, irin su DDT da diyaldirin da aldirin da lindan. Waɗannan ba sa narkewa a ruwa, a kitse suke narkewa, saboda haka jikin da ya haɗiye su ba ya iya fitar da su ta fitsari, sai dai ya adana su a cikin kitsensa. Ruwan ban ruwa ya wanke ɗan kaɗan daga gona zuwa lakar magudana, ƙwaro ya ci daga lakar, kwaɗo ko ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwari ɗaruruwa ya tara abin da ke jikinsu duka, shaho kuma ya ci irin waɗannan tsuntsaye ɗaruruwa a shekara ya tara nasu gaba ɗaya. Duk hawa ɗaya sai gubar ta ninka, kuma shaho shi ne a hawan ƙarshe, babu wanda zai miƙa wa.

An auna wannan ninki a wani tafki da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka zuba wani ɗan'uwan DDT mai suna DDD a 1949 da 1954 da 1957 domin kashe ƙananan ƙudaje. Abin da aka zuba a ruwan bai wuce kashi 0.02 cikin miliyan ba, amma da tsuntsayen da ke cin kifin tafkin suka fara mutuwa aka duba kitsensu, sai aka tarar da har kashi 1,600 cikin miliyan, wato ninki 80,000 na abin da ke cikin ruwan.

To, ta yaya abin ke sauka a kan ɗa? Ta hanya biyu, tun kafin ya ga hasken rana. Ta farko ita ce gwaiduwa. Uwa da kitsen jikinta take haɗa gwaiduwar ƙwai, don haka wani rabo na gubar da ta shekara tana tarawa yakan bi kitsen ya shiga ƙwan. Ita nauyi ya ragu mata, shi kuwa ɗan tayin da bai kai girman ƙwayar wake ba, da wannan gwaiduwa zai gina ƙwaƙwalwarsa da hantarsa da ƙashinsa. Ta biyu ita ce ɓawon ƙwai. Idan DDT ya shiga jiki yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai suna DDE, wanda ya fi shi daɗewa, kuma shi DDE yana hana mahaifar tsuntsuwa zuba isasshen sinadarin kalsiyam a lokacin da take yi wa ƙwai ɓawo. Sai ta saka ƙwai mai siririn ɓawo, ta hau kwanci, nauyinta da jujjuyawar da take yi masa su fasa shi, ko kuma danshin cikinsa ya ƙafe ɗan ya mutu a ciki.

Wani masani ɗan Ingila mai suna Derek Ratcliffe ne ya bankaɗo wannan a 1967. Ya bi gidajen adana kayan tarihi yana auna ɓawon ƙwayayen shaho da aka tara tun farkon ƙarnin, sai ya ga kaurinsu yana nan daidai shekara da shekaru, sannan ya faɗi kwatsam daga wajejen 1947, daidai lokacin da DDT ya bazu a ƙasar, da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa duk inda raguwar ta kai wajen kashi 18 cikin 100, yawan tsuntsayen wurin yakan fara ja da baya. A Amurka, gaggafar nan mai farin kai da ke jikin tambarin ƙasar ta ragu har aka ƙirga ma'aurata 417 kacal a 1963 in ban da jihar Alaska. Aka hana feshin DDT a gonaki a 1972, aka kuma tsare wuraren sheƙarta, kafin 2007 ma'auratan sun kusa 10,000, har aka cire ta daga jerin masu shirin ƙarewa. Ko a nan Afirka an ga irin wannan a tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda aka yi feshin DDT domin yaƙi da ƙudan tsando, daga baya aka sami gaggafa mai kamun kifi tana saka ƙwai mai siririn ɓawo a yankunan da aka fi yin feshin.

Kada a ɗauka waɗannan magunguna baƙi ne a ƙasar Sakkwato. A 1954 aka fara wani babban gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato na wancan lokaci, wato yankin Birnin Kebbi, inda aka riƙa fesa DDT da diyaldirin da BHC, ɗan'uwan lindan, a bangon ɗakuna, kuma a Afirka a nan ne aka fara gano sauron da diyaldirin ya daina kashewa. An yi shekaru ana feshin diyaldirin a kan fara a ƙasashen Sahel har zuwa shekarun 1980. Gammalin 20 kuwa, wanda lindan ne, babu dattijon bakin gulbi da bai ji labarin yadda wasu ke zuba shi a ruwa don kifi ya taso ba. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan hana sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda aka ƙulla a 2001 ta fara aiki a 2004, kuma Nijeriya na cikinta, ta fara da sinadarai 12, aka ƙara lindan a 2009, aka ƙara maganin ƙwari na endosalfan a 2011. DDT an bar masa ƙofa ɗaya kawai, ta feshin cikin ɗaki saboda sauro a ƙarƙashin kulawar hukumomin lafiya. Sai dai doka a takarda take, kasuwa kuma tana da nata hali. Kwalbar da aka ɗura wa magani daga jarka, babu suna babu lamba, ana miƙa wa manomi ana cewa wannan ya fi ƙarfi, ita ce abin da ya fi tayar mini da hankali, domin mai sayarwa da mai saye duk babu wanda zai iya faɗin abin da ke cikinta.

Ɗan da kuka tsinta a ƙasa kuwa, ga dalilin da ya sa irinsa ya fi iyayensa rauni. Ɗan shaho yana kai girman uwarsa cikin mako shida ko bakwai, saboda haka abin da yake ci idan aka kwatanta da nauyinsa ya fi na babba nesa ba kusa ba, ga hantarsa ba ta gama ƙwari ba. Waɗannan sinadarai suna rikita aikin ƙullin nan na maƙogwaro da ake kira tayirod, wanda ke tafiyar da girma da fitar gashi da ɗumin jiki, suna kuma raunana garkuwar jiki, har cutar da ɗa mai lafiya zai shanye ta kayar da shi. Wuri mafi haɗari shi ne lokacin yunwa. Muddin ɗan yana ƙoshi, gubar tana kwance a kitse, amma ranar da iyaye suka kasa samo abinci, jikinsa ya juya yana cin kitsensa, sai ta kwance gaba ɗaya ta shiga jini ta hau ƙwaƙwalwa. Daga nan sai karkarwa da sanƙarewar ƙafa da kasa riƙe wuya. Babban shaho kuwa yana iya rayuwa fiye da shekara goma, yana shawagi a kan gona kowa yana ganinsa, shi ya sa mutane ba sa lura cewa babu magaji sai ranar da tsofaffin suka mutu giginya ta zauna babu kowa.

Duk da haka, Baba, ba zan yanke wa giginyarku hukunci daga kan takarda ba. Hankaka yana fasa ƙwai, iska mai ƙarfi tana jefo shi, zafin bazara yana kashe ɗa, haka ma yunwa da yara masu danƙo. Sirancewar ɓawo kuma alama ce ta DDE musamman, yawancin magungunan da ake fesa wa albasa a yau ba sa yin haka, su nan take suke bugewa idan iyaye suka kawo wa 'ya'ya fara ko tsuntsun da feshi ya jiƙa. Misali na kusa shi ne feshin da ake yi wa jan baki da jirgin sama, wanda galibi da sinadarin fentiyon ake yi: jan bakin da ya sha feshi ya kasa tashi ganima ce ga shaho da shirwa, kuma an tabbatar a ƙasar Kenya cewa masu farauta suna mutuwa ta wannan hanya. Abin da zai raba gardama shi ne gwaji. Idan abin ya sake faruwa, ku ɗauki ɓawon da gawar da safar hannu, ku naɗe su a takardar alminiyam, a sa a ƙanƙara, ɗanku ya kai su tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tare da kwalaben magungunan da aka yi aiki da su a gonakin kewayen. Kafin nan, ku daina sayen maganin da ba shi da suna da lambar NAFDAC, kada a wanke injin feshi a magudanar ruwa, kuma kada a ƙona kwalaben ko a mayar da su na zuba mai. Ɗan tsakon da suka ɗauka, Allah ya mayar da alheri, amma ku sa a lissafi cewa shahon nan shi ne ke kora tsuntsaye daga kan shinkafarku ba tare da kun biya shi ko kwabo ba.

Tambaya: Likita, ni malamar makarantar firamare ce a cikin garin Sakkwato. Kusu ya addabe mu a ɗakin ajiyar abinci, sai muka sa maganin ɓera. Bayan kamar kwana goma muka ji wari daga silin, da aka buɗe sai ga 'ya'yan mujiya huɗu matattu, ɗaya da jini a baki. Abokan aikina sun ce mun huta da mugun tsuntsu, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Shin maganin da muka sa ne ya kashe su?
Daga wata malama a unguwar Mabera.

Amsa: Malama, jinin da kika gani a baki da kwana goman da suka shige duk sun dace da aikin wani rukuni na maganin ɓera, wanda ke hana jini daskarewa. Abin da mutane ke kira shinkafar ɓera iri-iri ne: wani yana kashewa cikin sa'o'i, wani kuwa, irin su burodifakum da buromadiyolon, yana toshe aikin bitamin K a hanta, sai kusun ya ci gaba da yawo kwana uku zuwa bakwai jini yana tsiyaya a cikinsa kafin ya mutu. A waɗannan kwanaki yakan zama sanyi-sanyi, ya fito fili, ya kasa gudu, wato ya zama abin da mujiya ta fi saurin kamawa. Ita kuma ba ta ci ita kaɗai, sheƙa take kaiwa, inda 'ya'ya huɗu zuwa bakwai ke jira, kowannensu yana haɗiye kusu sukutum da hantarsa, alhali a hantar ne maganin ya taru. Wannan rukuni yana iya zama a hanta wata da watanni, don haka ɗan da bai mutu da kusu na farko ba yana tarawa har na biyar ko na goma ya cika ma'auni. A Ingila, inda ake gwada gawar irin wannan mujiya duk shekara, mafi yawansu ana samun ragowar maganin a hantarsu.

Na taɓa feɗe ɗan mujiya da aka kawo mini a cikin kwali. Daga waje babu rauni ko ɗaya, gashinsa fari tas kamar auduga, yana da ƙiba, alamar iyayensa ba su gaza ba. Da na ɗaga fatar ƙirjinsa sai na tarar da jini kwance a ƙarƙashinta tun daga wuya har cinya, bai daskare ba, naman kuwa ya yi fari fat. Ƙoƙarin iyayen ne ya kai masa ajalinsa, kuma har yau wannan hoton bai bar idona ba.

Game da maganar mugun tsuntsu, ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsaye, kuma malamai da dama sun fassara ɗaya daga cikin kalmomin hadisin da mujiya. Gida ɗaya na mujiya yana cinye ɓeraye sama da dubu a shekara, saboda haka mutuwar waɗannan huɗu riba ce ga kusun ɗakin ajiyarku. Shawarata ita ce a fara da toshe ramuka da siminti da ragar ƙarfe, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a sa tarko. Idan dole sai an sa magani, a sa shi cikin akwati mai ƙaramar ƙofa, a riƙa zagawa safe da yamma ana kwashe matattu da masu layi ana binnewa da zurfi, kuma a ɗauke ragowar da zarar an gama. A makaranta kuwa akwai dalili na biyu: yaron da ya haɗiyi wannan magani ba ya nuna komai a ranar farko, don haka a garzaya da shi asibiti tare da kwalin ko da yana wasa, domin yana da makari, wato bitamin K1.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mahauci ne, na gaji sana'ar daga mahaifina. Muna yara ungulu har tsakanin ƙafafunmu take bi a mahauta, yanzu sai in yi shekara ban ga ɗaya ba. Shin ita ma gubar ce ta hana ta haihuwa?
Daga wani mahauci a Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da idonka ya gani masana sun ƙirga shi. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidayar tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen dazuzzukan da ake karewa. A 2015 aka sanya ungulun gari, wadda ka sani a mahauta, cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Wani nazari da aka fitar a 2024 a kan nau'i 42 na masu farauta a Afirka ya sami 37 daga cikinsu suna raguwa.

Gaskiyar magana, babban abin da ya ci ungulu a ƙasarmu shi ne kisa kai tsaye: kama ta ana sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga masu tsibbu, da mushen da ake barbaɗa wa guba don kare ko kura ita ta sauka a kai, da sare manyan itatuwan da take sheƙa. Abin da ya sa ba ta iya mayar da gurbi shi ne ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, ta yi kusan kwana 50 tana kwanci, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Idan ɗaya daga cikin iyaye ya mutu a tsakani, shekarar ta tafi a banza.

Guba mai daɗewa tana ƙara nauyi a kan wannan. Ungulu amayo wa ɗanta abinci take yi, kuma ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, har yana narkar da ɓarɓashin harsashin dalma da ke jikin naman da maharbi ya harba ya ɓace masa. Dalma ba ta ruɓewa har abada, tana hana jiki ƙera jini, tana zama a ƙashi a gurbin kalsiyam, tana lalata ƙwaƙwalwar mai tasowa, tsuntsu ne ko mutum. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma mutanen ƙauyukan sun shaida cewa agwagi ne suka fara ƙarewa kafin yara su fara sanƙarewa. Zaibar da ake kama zinariya da ita ma tana bin ruwa ta shiga kifi. Ɗan tsuntsu yana tura ta cikin gashinsa muddin gashin yana tsirowa, da zarar ya gama fita sai ta koma tana taruwa a jini, daidai lokacin da yake koyon farauta.

Abu biyu suna hannunku mahauta. Na ɗaya, babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, wadda ake yi a wasu mahautai, tana barin sinadarai masu haddasa ciwon daji a kan fata da toka da ƙasar wurin, kuma mai babbakar shi ke fara shaƙa. Itace ko gas ya fi. Na biyu, dabbar da aka yi wa allurar daikulofenak, wato maganin ciwo da kumburi, ta mutu, kada a jefar da mushenta a fili. Wannan magani shi ya kashe ungulayen Indiya ta hanyar lalata ƙoda, har wani nau'in ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Meloksikam yana yin aiki iri ɗaya ga saniya kuma an tabbatar ba ya cutar da ungulu.

Tambaya: Malam, wani abokina ya ba ni man taransfoma galan ɗaya, ya ce in shafa wa katakon akurkin kajina don gara, ragowar in zuba a kwatami don sauro. Akwai matsala?
Daga wani matashi a Kware.

Amsa: Akwai, ƙanena, kuma babba ce. Tsofaffin taransfomomi da dama suna ɗauke da mai mai sinadarin PCB, kuma ko sabon mai aka zuba a tsohuwar tukunya yakan gurɓata. Ido da hanci ba sa bambancewa, sai gwaji. PCB yana cikin sinadarai 12 na farko da yarjejeniyar Stockholm ta hana, kuma ƙasashe sun yi alƙawarin daina aiki da na'urorin da ke ɗauke da shi zuwa 2025, su kuma kammala lalata shi zuwa 2028. A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, inda masana'antu suka zubar da shi, an sami 'ya'yan tsuntsaye masu cin kifi, har da na gaggafa, suna mutuwa a cikin ƙwai ko suna ƙyanƙyashewa da kumburin jiki da baki a harɗe, na sama ya kauce wa na ƙasa, ta yadda ba za su taɓa iya yagar nama ba. A gaɓar tekun Baltik ta ƙasar Suwidin, PCB da DDE sun sa gaggafar teku ta yi shekaru yawancin sheƙunta babu ɗa, sai da aka hana su haihuwar ta dawo sannu a hankali.

Kajinka za su tsattsagi ƙasar da man ya ɗiga, ya shiga gwaiduwar ƙwan da za ka soya wa iyalinka, shirwa kuma ta ɗauki ɗan tsako ta kai wa nata 'ya'yan. Wanda ka zuba a kwatami, ruwan sama na farko zai ja shi zuwa fadama da tafkin Kware, ya kwanta a laka inda tarwaɗa ke kiwo. Kada ka ƙona shi, domin ƙona PCB a wutar fili yana haifar da dayoksin da danginsa, waɗanda suka fi shi muni. Ka toshe bakin galan ɗin sosai, ka sa shi cikin wani bokiti mai murfi, ka ajiye a inuwa inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, sannan ka sanar da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, ko ma'aikatar muhalli ta jiha domin su karɓa. Idan ka riga ka shafa wa wani katako, ka cire shi ka haɗa da galan ɗin, ka kankare ƙasar da ya ɗiga a kai ka zuba a buhu, ka wanke hannunka da sabulu kafin ka taɓa abinci.